Hutu a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Daga Yankan Tikiti Zuwa Safiyar Sauka

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ina tsaye a barandar ɗakina a hawa na tara, sai na hango wasu mata da miji sun taho a guje kan dandamalin tasha, kowa da ledojin tsaraba a hannu. Matar ta cire takalmanta ta haɗa da jaka ta rungume. Fasinjojin da suka yi cirko-cirko a barandu suka ɗauki tafi da shewa kamar ana kallon tsere. Da ƙyar suka samu shiga, don ma'aikata har sun kama igiyar janye gadar. Daga baya na ji abin da ya faru: agogon wayarsu ne ya koma lokacin garin da aka yada zango, alhali jirgi yana kan nasa lokacin, sa'a guda a gaba. Sai da suka ji ƙarar ƙaho suka farga. Da sun ƙara minti goma, sai dai su hangi ƙeyarsa.

Wanda zai shiga irin wannan jirgi ya sa a ransa cewa gari guda zai shiga, mai yawo a kan teku, da agogonsa, da irin kuɗinsa, da dokokinsa. Ba zuzutawa ba ce. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finland ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa ya kai kusan mita 365, hawa 20 gare shi, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350. Ba duka jirage ne suka kai haka ba, amma tsarin zaman ɗaya ne. Ga yadda ake bi, daki-daki.

Mataki na 1: Fara da hanya da lokaci, jirgi ya biyo baya

Yawancin sababbin matafiya hoton jirgi ne yake fara tafiya da hankalinsu. Ni kuwa shawarata a fara da tambayar ina za a, kuma a wane wata, don kowane teku da kakarsa.

Tsibiran Karebiyan ana zuwa duk shekara, daga tashoshin Miami, Fort Lauderdale da Port Canaveral, sai dai daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a Tekun Atlantika. Jirgi ba ya kutsa kai cikin guguwa, kewaye ta yake yi, amma hakan na nufin tsibirin da ka ƙwallafa rai a kansa ana iya tsallake shi. Bahar Rum ta fi daɗi a Mayu, Yuni, Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta ga zafi ga cunkoso. Alaska kakarta gajeriya ce, kusan Mayu zuwa Satumba, haka ma mashigin ruwan Norway da ke ratsa tsakanin duwatsu. Yankin Gulf kuwa, su Dubai da Doha, sai lokacin sanyi. Sau biyu a shekara kamfanoni kan kwashe jirage daga Turai zuwa Amurka ko su dawo da su, kuma irin wannan tafiya ta ƙetare teku takan yi araha, amma mutum zai yi kwanaki a jere bai ga tudu ba.

Wanda bai taɓa shiga ba, kwana bakwai ya ishe shi gwaji. Tafiyar kwana uku ko huɗu ta ƙarshen mako takan cika da masu neman sharholiya, kuma kafin ka gane hanyar ɗakinka an ce a sauka.

Sai a karanta jadawalin zango da idon basira. Idan an rubuta birnin Rum na Italiya, a Civitavecchia jirgi zai tsaya, tafiyar fiye da sa'a guda daga birnin. Idan an rubuta Paris, Le Havre ake nufi, kusan kilomita 200 daga can. Venice ma tun 1 ga Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyarta, don haka wasu a Ravenna ko Trieste suke ajiye mutane. Duba sa'a nawa za a yi a kowane zango: tsayawar sa'a biyar da ta sa'a goma sha biyu ba ɗaya ba ne, ko da sunan garin ɗaya ne a talla.

Mataki na 2: Takardu, kafin ka biya ko sisi

A nan aka fi yin asara, kuma asarar da babu mai mayar maka. Kamfanin jirgi zai sayar maka da tikiti ba tare da ya tambayi wane fasfo kake riƙe da shi ba. Ranar tafiya a bakin kanta ake duba takardu, in ba su cika ba a ce ka koma, kuɗinka kuma ya bi ruwa, don a cikin yarjejeniyar da ka amince da ita an rubuta cewa biza nauyinka ce.

Fasfo dai ya zama yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Sannan ka ɗauki jerin ƙasashen da za a tsaya, ɗaya bayan ɗaya, ka bincika wace ce ke neman biza daga mai irin fasfonka. Kada ka ce ai ba zan sauka a can ba, zan zauna a jirgi. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar ka shigo ƙasarsu da zarar jirgi ya shiga tasharsu.

Misali biyu sun isa. Galibin manyan jiragen nan tutar Bahamas, Panama, Malta ko Bermuda suke ɗauke da ita, ko da kamfanin a Amurka yake. Akwai kuma wata dokar Amurka ta 1886 da ta taƙaita wa jirgi mai tutar waje jigilar fasinja tsakanin tashoshin ƙasar, shi ya sa jirgin da ya tashi daga Seattle zuwa Alaska sai ya ɗan leƙa Kanada, yawanci Victoria, ko da na 'yan sa'o'i ne da daddare. Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Kanada sai ya nemo ta saboda wannan ɗan leƙe, bayan ta Amurka. Na biyu, a Bahar Rum: idan jirgi ya tashi daga Italiya ya tsaya a Turkiyya, Montenegro ko Tunisiya sannan ya dawo Girka ko Sifaniya, to ka fita daga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ka sake shiga ke nan. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai damar shiga sau da yawa.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu da iyali ya kamata su sani tun yanzu. Manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, kuma jariri sai ya kai wata shida, ko shekara guda idan za a ƙetare teku. Yaron da zai bi mahaifi ɗaya ko wani dangi, a riƙe masa takardar amincewar iyaye.

Mataki na 3: Farashin talla ba shi ne farashin tafiya ba

Adadin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a talla kuɗin mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan na mutum biyu, sai dai in ya samu ɗakin da aka ware wa mutum ɗaya, kuma ba su da yawa. Abin da tikitin ya ƙunsa shi ne ɗaki, abinci a manyan ɗakunan cin abinci, wasannin dare, wurin ninƙaya da na motsa jiki, da wurin kula da yara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga abin da ke biyo baya.

Akwai haraji da kuɗin tasha, wanda ya kamata ka tabbatar ko an riga an haɗa shi. Akwai tukuicin ma'aikata, wanda manyan kamfanonin Amurka ke ɗora wa kowane fasinja kullum, tsakanin dala 16 zuwa 20. Iyali mai mutum huɗu a kwana bakwai, in aka ce dala 18, dala 504 ke nan, ba a sha ko lemo ba. Ba na goyon bayan masu zuwa kanta su ce a cire musu shi. Wanda ke gyara maka ɗaki sau ɗaya ko biyu a rana watanni yake yi a teku ba tare da ranar hutu ba, kuma wannan kuɗin yana cikin lissafin abin da zai aika gida. A sa shi cikin kasafi tun farko, a huta.

Lemon kwalba, ruwan roba, kofi na musamman da barasa duk sayarwa ake yi, kuma akan ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na hidima a kan kowane kofi. Za a yi ta tallata maka tsarin biya-sau-ɗaya-ka-sha-iya-shanka. Ɗauki alƙalami ka lissafa kofi nawa kake sha a rana, ka tuna kuma ranakun zango a gari za ka wuni. Ga mafi yawan mutane babu riba. Ruwan famfon jirgi, wanda galibi daga teku ake tace shi a cire gishiri, tsaftatacce ne, kuma shayi da ruwan sanyi kyauta ne a ɗakin cin abinci. Intanet, wanki, hotunan da masu ɗaukar hoton jirgi ke yi maka, tausa, gidajen abinci na alfarma da yawon gari, duk daban ake biya.

Da farko kafin alƙalami ake bayarwa, cikon kuma wata uku zuwa huɗu kafin tafiya, gwargwadon kamfani. Daga wannan ranar ne fasa tafiya ke fara cin kuɗinka, har ya kai ga ba a mayar da komai. Saboda haka inshorar tafiya ba ado ba ce, musamman wadda ta haɗa da jinya da kwaso mara lafiya daga teku. Akwai asibiti da likita a jirgi, amma na kuɗi ne, kuma da tsada.

Mataki na 4: Zaɓen ɗaki

Iri huɗu ne: na ciki mara taga, mai tagar da ba a buɗewa, mai baranda, sai na alfarma mai falo. Na ciki ya fi araha, kuma in ka kashe fitila duhu ne ɗundum, ba ka sanin gari ya waye sai da agogo. Ga wanda barci kawai ke kai shi ɗaki, ya wadatar. Baranda tana cin kuɗinta a Alaska ko Norway, inda abin kallon yake biye da kai duk wuni. A tafiyar da kullum ana gari kuwa, sai ka biya kuɗin baranda ka zauna a cikinta sau biyu.

Inda ɗakin yake ya fi irinsa muhimmanci. Jirgi kamar lilo yake: goshi da ƙeya su ne ke sama da ƙasa, tsakiya ta fi natsuwa, kuma hawa na ƙasa ya fi na sama. Mai tsoron jiri ya nemi tsakiya, ƙasa-ƙasa. Sannan ka buɗe taswirar jirgin ka duba abin da ke saman ɗakinka da ƙarƙashinsa. Na taɓa kwana a ƙarƙashin filin ninƙaya, tun asuba ma'aikata ke jan kujeru a kaina, ƙiiiii, har aka gama tafiyar ban yi barcin safe ba. Ɗakin da ke tsakanin hawa biyu na ɗakunan kwana shi ne na mai son shiru. Akwai rangwamen da ake yi wa wanda ya bar kamfani ya zaɓa masa ɗaki. Araha ce, amma duk inda aka jefa ka sai haƙuri.

Mataki na 5: Kaya, da isa garin tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka isa garin da jirgi zai tashi kwana guda kafin ranar, ka kwana a otal. Jirgin sama na iya makara, akwati na iya ɓata, shi kuwa jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Kuɗin kwana ɗaya a otal bai kai na bin jirgi zuwa zango na gaba ba.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgi, fiye da ruwa. Shi ya sa ake ƙwace dutsen guga, butar dafa ruwa ta lantarki, kyandir, turaren wuta da soket mai baki da yawa irin mai kariyar hauhawar lantarki. Akwatin da aka ga irin waɗannan a ciki akan riƙe shi, a kira ka ka buɗe. Abin da ke da amfani: takalmi mai daɗin tafiya, rigar sanyi mara nauyi saboda sanyin na'ura a ciki da iskar dare a waje, tufafi na fita kunya guda ɗaya ko biyu don daren kwalliya, da maganinka a cikin kwalinsa na asali, har da ƙarin na 'yan kwanaki. Ga wata 'yar dabara: bangon ɗakunan ƙarfe ne, maratayi mai maganaɗisu yana manne masa, sai ka rataye hula da jaka a ɗakin da ba shi da yalwa.

Makonni kafin tafiya ka sauke manhajar kamfanin, ka shigar da bayanan fasfo da hotonka, ka zaɓi sa'ar zuwa tasha, ka buga takardun da ake maƙala wa akwati. Mai buƙatar abinci na musamman, ko don rashin lafiya ko don addini, tun lokacin zai sanar, ba sai an baro tudu ba.

Mataki na 6: Ranar shiga

A bakin tasha 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna, kuma ba za ka sake ganinsu ba sai la'asar ko bayan magariba, a ƙofar ɗakinka. Don haka fasfo, magani, cajar waya da kayan canji su kasance a 'yar jakar hannu. Bayan bincike da duba takardu za a ba ka kati. Wannan katin shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne shaidarka duk lokacin fita da shiga, shi ne kuma aljihunka, don ba a ciniki da tsabar kuɗi a jirgi. Komai ka saya a kansa ake rubutawa, a cire daga katin bankin da ka jingina masa. A nan haɗarin yake: kuɗin da ba ka ƙirga da hannu ba ba ya zafin fita. Duba lissafinka a manhaja kowane dare. In katin cire kuɗi kai tsaye ka jingina, ka sani akan riƙe wani adadi a asusunka a matsayin jingina, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi.

Abu ɗaya ne tilas a wannan rana: atisayen ceto. Yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, an fara ƙulla ta ne a 1914, bayan nutsewar Titanic a 1912. A da an yarda a yi atisayen cikin sa'a 24 bayan shiga. Sai ga hatsarin Costa Concordia a daren 13 ga Janairun 2012 kusa da tsibirin Giglio na Italiya, inda mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su nufa ba. Tun daga nan aka mayar da shi kafin tashi ko da zarar an tashi. A jirage da yawa yanzu bidiyo za ka kalla a waya, sannan ka taka da ƙafarka zuwa matattarar da aka rubuta a katinka a shaida ka zo. Kada ka yi shi don sauke nauyi. Ka bi hanyar ta matakala, ba ta lifta ba, ka koyi ɗaura rigar ceto, ka riƙe alamar gaggawa a ka: gajeriyar ƙara bakwai, sai doguwa ɗaya.

Kafin jirgi ya bar tasha, sa wayarka a yanayin jirgin sama. In ba haka ba, da an yi nisa da gaɓa za ta kama layin jirgi da ke bi ta tauraron ɗan'adam, ta yi ta sauke saƙonni tana cin kuɗi kana barci. Intanet ɗin jirgi ya inganta tun da kamfanoni suka fara komawa Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, daga 2022, kuma manhajar jirgin tana aiki ko ba ka sayi intanet ba.

Zaman yau da kullum

Kwana biyun farko kowa ɓata yake yi. Dogayen lungunan kamarsu ɗaya, sai ka yi ta tafiya ka tarar ƙeyar jirgi ka nufa maimakon goshi. A jirage da yawa ɗakuna masu lambar mara suna ɓangare ɗaya, masu cika suna ɗayan. Riƙe wannan da kuma matakalar da ta fi kusa da kai.

Kowane dare ana fitar da jadawalin gobe, a takarda ko a manhaja: lokacin isa da na tashi, wasanni, darussa, irin shigar da ake so da dare. Ba a iya halartar komai, kuma wanda ya ce sai ya yi zai koma gida a gajiye. Zaɓi biyu ko uku. Manyan wasanni a wasu jirage sai an kama kujera tun da wuri.

Abinci wuri biyu ne. Akwai ɗakin ɗibi-da-kanka, mai saurin biyan buƙata amma mai turmutsutsu, musamman ranar shiga da safiyar zango. Akwai kuma babban ɗakin cin abinci, inda ake zama a kawo maka, shi ma yana cikin kuɗin tikitinka, abin da wasu ba sa ganewa sai tafiya ta yi nisa. Akan zaɓi zaman farko wajen ƙarfe shida, ko na biyu bayan takwas, ko kuma ka zo lokacin da ka ga dama. Na fi son tsayayyen lokaci da tebur ɗaya, don a dare na uku mai kawo abinci ya riga ya san abin da kake ci da wanda ba ka ci. Safiyar ranar da za a wuni a teku, je can ka karya cikin natsuwa ka bar masu layi da layinsu.

Batun jiri: manyan jirage suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangal-tangal, kuma a teku mai lafiya har mantawa kake a kan ruwa kake. Amma akwai wurare irin Mashigin Biscay, tsakanin Faransa da Sifaniya, da ba su da tabbas. Idan ka fara jin tashin zuciya kada ka shige ɗaki ka dunƙule da waya. Fita ka sha iska a tsakiyar jirgi, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka ɗan sa wani abu mara maiƙo a ciki. Citta tana taimaka wa wasu. Ƙwayoyin hana jiri sun fi aiki idan an sha kafin abin ya kama, kuma suna sa barci. Akwai kuma wani ɗan manne da ake liƙawa a bayan kunne, wanda sai an tuntuɓi likita.

Dubban mutane a rufaffen wuri, cuta ba ta wahalar yaɗuwa. Duniya ta ga haka a Fabrairun 2020, lokacin da aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711, sama da 700 suka kamu da korona. Amma wadda ta fi yawan aukuwa ita ce norovirus, mai sa amai da gudawa, kuma man goge hannu ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa ne maganinta, kafin cin abinci da bayan fitowa daga banɗaki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana kai wa jiragen da ke shiga tashoshin ƙasar ziyarar ba-zata tun 1975, tana ba su maki bisa 100, ƙasa da 86 faɗuwa ce, kuma ana wallafa sakamakon. In ciwon ciki ya kama ka, kira asibitin jirgi ka zauna a ɗaki, kada ka ɓoye.

Dokokin kaɗan ne, amma ba a wasa da su. Ba a jefa komai a teku, ba a hawa kan shingen baranda ko ɗora yaro a kai don hoto, ba a shan taba sai inda aka ware. Masan ɗaki da iska yake zuƙe ƙazanta, in ka jefa wani abu ban da takardar da aka ajiye sai ka toshe wa maƙwabta gaba ɗaya. Kyaftin yana da ikon sauke mai taurin kai a zango na gaba, ya nemi hanyar gida da kuɗinsa.

Ranar zango

Hanya biyu ce: ka sayi yawon da jirgi ya shirya, ko ka fita da kanka. Na jirgi ya fi tsada, sau da yawa kuma bas ce cike da mutane ana bin mai riƙe da tuta. Fa'idarsa ɗaya ce, amma babba: in motarsu ta makara, jirgi zai jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ka zango na gaba. Ni ga yadda nake rabawa. Idan garin yana bakin tasha, kamar Barcelona ko Valletta, da ƙafata nake fita. Idan sai an yi tafiyar sa'a biyu, kamar Le Havre zuwa Paris, na jirgi nake bi.

A wasu wurare, irin tsibirin Santorini na Girka da Grand Cayman na Karebiyan, jirgi ba ya matsowa gaɓa. Nesa yake tsayawa, ƙananan jiragen fito su riƙa kwasar mutane. Wannan yana cin lokaci a fita da dawowa, kuma in teku ta yi fushi akan soke zangon ɗungurungum.

A bakin gadar fita akwai allo da aka rubuta lokacin da kowa zai kasance a ciki, yawanci rabin sa'a kafin tashi. Ɗauki hotonsa. Tambayi ma'aikacin da ke wurin ko agogon jirgi ya yi daidai da na gari, ka saita agogon hannu a kan na jirgi. Ɗauki hoton lambar wakilin jirgi a wannan tasha, tana cikin jadawalin ranar. Shi za ka kira in ta ɓaci. Ka nufi dawowa da sauran sa'a guda a hannu. Kada kuma ka sauka da 'ya'yan itace ko nama daga jirgi, ƙasashe da yawa suna cin tara a kan haka.

Daren ƙarshe da safiyar sauka

Tun ana gobe za a gama, duba lissafinka layi-layi. In akwai kuskure ka je kanta da rana, don da dare layin har ya kan zagaye falo, kuma gyara bayan an sauka wahala ne.

Da yamma za a kawo maka takardun akwati masu launi ko lamba, kowace da lokacin saukarta. Kafin sa'ar da aka faɗa, ka fitar da manyan akwatuna ƙofar ɗaki. Ma'aikata za su kwashe su cikin dare, sai a zauren tasha za ka same su jere bisa launi. Wanda zai iya jan kayansa da kansa yana iya riƙe su ya fita a sahun farko. Buɗe akwatin ajiyar ɗaki ka shafa hannu har ƙurya. Katin jirgi ya kwana a aljihu, da shi za ka fita, fasfo kuma a jakar hannu don jami'an shige da fice suna jira a ƙasa. Jirgin saman komawa gida kada ya zama na kafin azahar, saboda sai hukuma ta sallami jirgi ake buɗe ƙofa, kuma hazo kaɗai na iya jinkirta shiga tasha.

Kafin ka zuge akwatin nan ka tura shi waje, ware kayan da za ka sa gobe, har da takalmi. A layin fita na ga wani dattijo sanye da rigar barci da silifas ɗin wanka, yana riƙe da fasfo da jakar magani, matarsa na gefe ta kau da kai tana danne dariya.